Yadda Ake Gane Tsohon Agogon Hannu Na Asali

Mai neman tsohon agogon hannu a Kongolam, inda kaya ke zuwa daga Daura kuma suna ƙetarowa daga Nijar ta Dan Barto, ya fara da sanin cewa fuskar agogo ba shaida ba ce. Ana sake mata fenti, ana buga mata sunan da aka ga dama. Inji ne kaɗai ba ya ƙarya, don haka duk binciken da za a yi, wajensa ya nufa.

Da farko a zuba wa hannun sakan ido. Idan yana tsalle sau ɗaya kowace daƙiƙa, mai batir ne, irin da kamfanin Seiko na Japan ya fara sayarwa a Disambar 1969, kuma ba shi ake nema ba. Wanda ake wanawa ko otomatik hannunsa tafiya yake a hankali, domin da yawansu na bugawa sau 21,600 a awa, wato sau shida a daƙiƙa. A kara shi a kunne a ji. Nan wasu ke yin asara: su murza kunnen Seiko 5, su ga bai tashi ba, su ce ya mutu. Yawancin tsofaffin Seiko 5 ba a wana su da hannu, girgiza su ake yi su kama aiki.

Daga nan sai a juya bayansa. An fito da Seiko 5 a 1963, kuma bayan agogon na ɗauke da lambar inji, kamar 6309 ko 7009 ko 7S26. Wannan lambar ce ya kamata a gani da ƙananan haruffa a ƙasan fuska, kusa da ƙarfe shida. In sun saɓa, haɗe-haɗe ne. Akwai kuma doguwar lamba mai alƙaluma shida: na farko ƙarshen shekarar ƙira ne, na biyu wata, sai dai Oktoba da Nuwamba da Disamba da ake sa musu O da N da D. Lambar da ta fara da 83 tana nufin Maris na shekarar da ta ƙare da takwas. Wace takwas ɗin? Inji ne zai raba gardama. An fara ƙera 7S26 a 1996, saboda haka wanda ya ce kakansa ya zo da irinsa daga Makka a 1978, ya tuna wani agogon ne daban.

Mataki na ƙarshe shi ne buɗewa, kuma aikin mai gyaran agogo ne, a cikin shago, nesa da ƙurar hunturu. A duba tsatsa, a duba ko lambar da ke jikin injin ta dace da ta baya. Duwatsu 17 ko 21 da ake rubutawa kada su ruɗi kowa, jajayen duwatsu ne na masana'anta da ke rage gogayya, ba su da kuɗi. Wani zai ce neman a buɗe agogo zargi ne ga mai kaya, alhali ciniki a nan amana ne. Ai shi kansa mai kayan sau da yawa hannu na uku ne ko na huɗu, bai taɓa ganin cikin ba, musamman da yake ana harhaɗa irin waɗannan agogai da yawa a Indiya, a yi musu sabuwar fuska. Buɗewa ta fid da shi, ta fid da kai.

In komai ya dace, a ɗaura shi kwana guda a gwada da agogon waya. Kuskuren daƙiƙu talatin ba laifi ba ne ga tsohon inji. Kada a goge jikinsa don ya yi ƙyalli, kada a kankare fentin da ke haske da dare, domin na kafin shekarun 1960 na iya ƙunsar sinadarin radiyam mai cutarwa. Mai saye, in an hana ka ganin inji, ka riƙe kuɗinka.