Ni da Duna da Ƙarfe Biyun Dare: Yadda Za Ka Yi da Kwikwiyo Mai Kuka a Keji

Duk wanda ke zaune a gidan haya a wajen makaranta ya san halin da muka shiga a semestar da ta wuce. A gidanmu kaɗai an zare wayoyi uku ta taga, aka kuma ɗauke laftof ɗin wani ɗan HND II da furojet ɗinsa a ciki. Da abin ya ishe mu sai muka zauna, muka yanke shawarar samo kare mai gadi. Da yake ni ne ke karanta lafiyar dabbobi da kiwo, sai aka ɗora mini nauyin. Na karɓa da ƙarfin gwiwa, ina ganin ai abin da muke yi a aji ne. Ashe karatun aji daban, ƙarfe biyun dare daban.

Na samo ɗan kwikwiyo baƙi wuluk mai sati 8, na sa masa suna Duna. Mai walda ya haɗa mini keji, na kai shi can bakin ƙofar gida na ajiye. Daren farko, ana kashe janareta ya fara kuka, bai daina ba sai da aka kira assalatu. Dare na biyu ma haka. A rana ta uku Baba mai gida ya tare ni, ya ce: "Ɗana, maƙwabciyarmu jego take yi, jaririnta bai runtsa ba. Na ba ka sati guda. Ko ya yi shiru, ko ka san inda za ka kai shi." Na ce: "To Baba, a yi haƙuri." Ga tes a gabana, ga abokin ɗakina ya daina amsa gaisuwata. Abin da na koya a wannan satin shi ne nake so in raba da ku.

Fara da tambaya: me ya sa yake kuka?

Kuskurena na farko shi ne na ɗauka taurin kai ne. Ba haka ba ne. Tun da aka haife shi yake kwana a jikin uwarsa da 'yan'uwansa, yana jin ɗuminsu da numfashinsu. Rana ɗaya aka raba shi da su, aka rufe shi a baƙon wuri cikin duhu. Kukan nan kira ne. Ku tuna darenku na farko a makarantar kwana. Shi ya sa ma ba a son a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika sati 8.

Bayan kaɗaici akwai fitsari, da sanyi, da yunwa, da ciwo. Akwai kuma dalili na ƙarshe da mu da kanmu muke koya masa: idan duk lokacin da ya yi kuka an zo, to ya gane kuka yana biya. Kowane dalili da maganinsa, don haka sai ka gano wanne ne kafin ka ɗauki mataki.

Gyara kejin

Keji mai kyau shi ne wanda zai iya miƙewa tsaye, ya juya, ya kwanta ya miƙe ƙafa a ciki. Idan ya yi girma da yawa sai ya mai da kusurwa ɗaya banɗaki, ya kwana a ɗayar. Nawa ya yi faɗi, don na yi shi ne da lissafin girmansa na gaba, sai na tare rabinsa da katako.

A lokacin hunturu muke, ni kuma na bar shi a kan ƙarfe tsura. Ƙaramin kwikwiyo bai iya riƙe ɗumin jikinsa kamar babba ba. Na shimfiɗa masa kwali da tsohon bargo, na rufe gefe uku na kejin da buhu, na bar gaba a buɗe don iska. Na zuba ruwan ɗumi a gora, na rufe ta sosai, na naɗe da tsumma na ajiye masa, ya riƙa jingina da ita kamar jikin uwarsa. Na kuma jefa masa tsohuwar singiletina da ban wanke ba, don ya riƙa jin ƙanshin wanda ya sani. In lokacin zafi ne kuwa, ka cire rufin, ka nema masa inuwa. Kada ka taɓa barin keji a rana.

Matso da shi kusa

Wannan ne ya fi komai aiki. Ban shigo da shi ɗaki ba, don a nan muke salla, kuma abokin ɗakina ba zai yarda ba. Sai na dawo da kejin baranda, daidai ƙarƙashin tagata. Idan ya fara kuka ƙasa-ƙasa, sai in yi gyaran murya ko in ce "Duna, kwanta" sau ɗaya, ba tare da na fita ba. Jin akwai mutum kusa kawai ya rage kukan sosai. Bayan ya saba, na riƙa matsar da kejin kaɗan-kaɗan duk bayan 'yan kwanaki, har ya koma bakin ƙofa inda ake buƙatarsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Tsara masa yamma

Ƙaramin kwikwiyo yana barcin kusan awa 18 a rana. Idan ka tafi lakca ka bar shi ya kwashi barci tun daga rana har magariba, to da dare ido biyu zai kwana. Ga tsarin da na bi. Ina ba shi abinci sau 4 a rana, na ƙarshe da ƙarfe 7 na yamma, wato kamar awa 3 kafin kwanciya. Da ƙarfe 8 in yi wasa da shi na minti 15 ko 20, ya yi gudu ya ja tsumma har ya gaji. Daga nan a bar shi ya huce. Da ƙarfe 10 in kai shi bayan gida inda na ware masa, in tsaya har sai ya yi fitsari, sannan keji. Kullum haka, lokaci ɗaya, don dabba tana samun natsuwa idan ta san abin da ke biye.

Ka riga shi tashi

Ƙa'idar da masu kiwon karnuka ke amfani da ita ita ce: watannin kwikwiyo, ka ƙara ɗaya, shi ne kimanin awannin da zai iya riƙe fitsari. Mai wata 2 ke nan awa 3. To ka ga wanda aka rufe da ƙarfe 10, in ya yi kuka da ƙarfe 1 gaskiya gare shi.

Sai na saita ƙararrawar waya, ƙarfe 1 da ƙarfe 4. Ina tashi tun kafin ya fara, in ɗauke shi in kai shi wurinsa, ya gama in mai da shi. Ba wasa, ba hira, ba abinci. Fitar dare ta zama aiki kawai, don kada ya ɗauka lokacin shagali ne. Duk bayan 'yan kwanaki sai in ƙara minti 15 ko 30 a kan lokacin, har tashi biyu ya koma ɗaya.

Kada ka biya shi ladan kuka

A nan ne karatun aji ya yi mini rana. Masanin halayyar nan na Amurka, B. F. Skinner, ya nuna cewa dabba tana maimaita duk abin da ya jawo mata lada. Ya kuma nuna cewa ɗabi'ar da ake saka wa jefi-jefi ta fi wuyar bari a kan wadda ake saka wa kullum. Abin da na yi ke nan a darare biyun farko: in daure na rabin awa, in kasa, in fita in ɗauke shi. Ashe ina koya masa ne cewa in ya dage zai ci nasara.

Don haka idan ka tabbata ya ci, ya yi fitsari, ba ya jin sanyi, lafiyarsa ƙalau, to kada ka buɗe keji yana tsakiyar kuka. Ka jira ya yi shiru ko da na daƙiƙa biyar ne, sannan ka buɗe. Ka kuma sani, ranar da ka daina amsawa kukan kan ƙaru kafin ya ragu, kamar yadda kake ƙara danna makunnin fanka idan ta ƙi tashi. Na je na yi wa maƙwabciyarmu wannan bayani tun da rana, na ce: "Anti, ki ƙara mini haƙurin kwana biyu." Ta yi dariya ta ce ai ta san renon jariri.

Amma ka bambanta kukan rigima da firgici. Idan yana cizon ƙarfe, yana dalalar da miyau, yana haki kamar zai shiɗe, wannan ba na ƙyalewa ba ne. Ka je kusa ka kwantar masa da hankali, ka koma koya masa kejin a hankali da rana: ka riƙa ba shi abinci a ciki, ƙofa a buɗe, sannan ka rufe na minti ɗaya, sai biyar, sai goma. Kada keji ya zama wurin horo.

Abin da ba a yi

Wani ya ba ni shawarar in zane shi, wani ya ce in jefa masa ƙwayar barci a abinci. Duka tsoro kawai yake ƙarawa, kuma kare matsoraci shi ne mai cizon yara. Maganin mutane kuma yana iya kashe shi. Ibuprofen, alal misali, yana lalata wa kare ciki da ƙoda. Ka guji ba shi abinci mai albasa da yawa ko cakulan, madarar shanu ma takan sa shi zawo.

Yaushe za ka nemi likita?

Idan kukan ya zo da amai, ko zawo mai jini, ko ƙin abinci, ko kumburin ciki, ko kasala, kada ka jira gari ya waye sau biyu. Cutar fabo tana kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Ka duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ko akwai kaska ko ƙuma, don ƙaiƙayi ma yana hana barci. Ana fara allurar rigakafi daga sati 6 zuwa 8, a maimaita bayan sati 3 ko 4, ta haukan kare kuma idan ya cika wata 3. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan allura, asibitocin dabbobi na gwamnati kuma suna yi. Kada ka yi wasa da ita, don haukan kare idan ya bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Ka tambayi likita maganin tsutsar ciki ma.

A dare na shida Duna ya yi kuka na 'yan mintoci ya yi barci. Da sati ya cika Baba ya wuce ta gabana, ya leƙa kejin, bai ce komai ba sai "Allah ya raya." Tes ɗin dai na sha da ƙyar.

Kafin ka ɗauko naka, ka nemi yardar mai gida da maƙwabta, ka tuna ba a kiwo a ɗakunan kwanan makaranta. Ka lissafa kuɗin abinci da allura. Ka kuma tambayi kanka wa zai riƙe shi idan an tafi hutu ko an shiga yajin aiki. Rai ne, kuma amana ce. In ba za ka iya tashin ƙarfe ɗayan dare ba, gara ka sayi kwaɗo mai kyau ka sa wa tagarka ƙarfe.