Yaƙin Sari-Ka-Noƙe: Darasi Daga Naharawan

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, akwai wani irin yaƙi wanda ba a shata masa fage, watau yaƙin sari-ka-noƙe. Masu yinsa ba su iya tarar soja gaba da gaba, saboda haka sai su saje da mutane, su kai farmaki su ɓace. Abincinsu da maɓoyarsu da samarin da suke ɗiba duk daga cikin jama'a suke fitowa. Ashe ke nan wanda ya raba su da jama'a ya karya lagonsu, wanda kuwa ya ƙuntata wa jama'a saboda su ya ƙara musu mayaƙa.

Musulunci ya daɗe da sanin wannan fitina. Bayan yaƙin Siffin, cikin shekara ta 37 bayan Hijira, wata ƙungiya ta ɓalle daga rundunar Sayyidina Ali, Allah Ya yarda da shi, ta sauka Harura kusa da Kufa, tana kafirta wanda duk ya saɓa mata. Su ne Hawarijawa. Halifa bai fara da takobi ba. Sai ya aika musu da Abdullahi ɗan Abbas ya yi muƙabala da su, da yawansu suka komo. Bai ɗaura musu yaƙi ba sai da suka kashe Abdullahi ɗan Habbab, aka nemi su miƙa masu kisan suka ƙi. Ko a fagen Naharawan, cikin shekara ta 38, sai da ya ba Abu Ayyub al-Ansari tutar amana, aka yi shela cewa wanda ya zo ƙarƙashinta ya tsira, wasu kuwa suka janye. An ci su da yaƙi, amma aƙidar ba ta mutu ba, domin ɗaya daga cikinsu, Ibn Muljam, shi ya kashe Halifa a Kufa cikin shekara ta 40.

Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin masu bagayi, watau waɗanda suka yi wa shugaba tawaye bisa wani tawili, da masu hiraba, waɗanda ke tare hanya suna tsorata bayin Allah. Na farkon, bisa aya ta 9 ta Suratul Hujurat, ana kiransu zuwa sulhu, in sun ƙi a yaƙe su har su komo, kuma ba a bin wanda ya gudu ko ƙarasa mai rauni muddin an amince daga sharrinsu. Na biyun hukuncinsu mai tsanani ne, yana cikin aya ta 33 ta Suratul Ma'ida, amma hukuma ce ke zartar da shi, aya ta 34 kuma ta buɗe ƙofa ga wanda ya tuba kafin a kama shi.

Abin da ya auku a ƙasar nan ya gaskata wannan tsari. Muhammadu Marwa, wanda aka fi sani da Maitatsine, ya yi shekaru yana tara gardawa a 'Yan Awaki cikin Kano, maƙwabta suna kuka ba a ɗauki mataki ba, har rikici ya ɓarke ran 18 ga Disamba 1980. Sai da soja suka shiga, kuma hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ƙidaya mutum 4,177 da suka halaka. Almajiransa da suka tsere su suka ta da fitina a Bulunkutu cikin 1982, da Jimeta cikin 1984, da Gombe cikin 1985.

Haka kuma, ran 30 ga Yuli 2009 aka kashe Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, a hannun 'yan sanda a Maiduguri ba tare da an kai shi gaban alƙali ba. Mabiyansa suka riƙi wannan hujjar ɗaukar fansa, suka koma harbi daga kan babura da dasa bom, har ran 20 ga Janairu 2012 suka kashe mutum fiye da 180 a Kano. Amma cikin 2013, sa'ad da samarin Maiduguri, 'yan ƙato-da-gora, suka tashi suna nuna wa soja su, sai zaman birni ya gagare su.

To, ga jama'ar Gagarawa da Gumel da Sule Tankarkar, darasin a fili yake. Ƙasa ce ta bakin iyaka, kasuwar Maigatari tana tara baƙi daga Nijar da Nijeriya kowace Alhamis, samari kuma suna tafiya cin rani bayan kaka. Karrama baƙo wajibi ne, amma sanar da mai unguwa da dagaci saukarsa ba ya rage karamci. Uba ya binciki wurin wanda ɗansa ke karatu. Limami ya warware shubuha da hujja tun tana ƙarama, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hukuma kuwa ta kiyaye sirrin wanda ya kawo labari, ta kai wanda ta kama gaban alƙali, kada ta kama gari saboda laifin mutum guda.

Allah Ya zaunar da ƙasa lafiya, Ya kare Musulmi daga fitina, amin.