Ga Ɗana Mai Tara Kan Sarki

Ɗana, na ji labarin cewa ka fara tara kan sarki, kana bin gidajen dangi a nan Obi kana tambayar tsofaffin wasiƙu, har wasu suna yi maka dariya wai wahalar banza ce a zamanin wayar hannu. Allah ya yi maka albarka, kada dariyar ta dame ka. Amma zauna ka saurare ni, domin wannan harka ba ta son gaggawa, kuma mai gaggawa a cikinta yakan lalata abin da ya zo adanawa.

An ce kan sarki masu hoton abin hawa ne suka fi burge ka. Ba kai kaɗai ba ne. A Amurka, daga 1981 zuwa 1995, gidan wayarsu ya fitar da kan sarki kimanin 50 masu hoton keken doki da jirgin ƙasa da babur da motar kashe gobara, har da kwalekwale, kuma a naɗe ake sayar da su kamar bandeji, saboda haka gefe biyu ne kawai ke da haƙora, sama da ƙasa a miƙe suke. Abin da masu tarawa ke nema a jikinsu ɗan ƙaramin abu ne: wata lamba a ƙasan hoton, wadda ke nuna farantin da aka buga da shi. A tsohon inji sai bayan kan sarki 24 take fitowa sau ɗaya, a wani injin kuma bayan 52. Shi ya sa ake ajiye guda biyar a jere, mai lambar yana tsakiya, kuma wanda ya yage su ɗaya-ɗaya don ya ga tarinsa ya yi yawa, ya zubar da darajarsu da hannunsa.

Irin waɗannan da wuya su faɗo hannunka a nan, amma namu na gida ma suna da abin dubawa. A 1972, shekarar da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, an buga kan sarki a kan wannan canji. A 1973 da naira da kwabo suka shigo, sai aka fitar da sabon jeri, na naira ɗaya yana da gadar Eko, na kwabo 25 kuma tashar jiragen ruwa. Wasu daga cikin jerin nan an buga su ta hanyoyi biyu daban, hoto ɗaya, kuɗi ɗaya, amma in ka sa gilashin ƙara girma za ka ga bakin haruffan wani yana da ɗige-ɗige, na wani kuma sumul. Ido mai haƙuri kaɗai ke ganin wannan, ɗana, kuma idon da ya saba da haka zai amfane ka ranar da aka miƙo maka takardar gona ko ta bashi aka ce ka sa hannu.

Kada ka ɓare kan sarki daga ambulan mai hatimin Lafia. Hatimin nan yana ɗauke da rana da shekara, wataƙila tun lokacin da muke ƙarƙashin Jihar Filato kafin a ƙirƙiro Nasarawa a 1996, kuma ambulan ɗin cikakke ya fi kan sarkin shi kaɗai faɗin tarihi. Wanda ya zama dole a cire, a jiƙa shi a ruwan sanyi har ya saki da kansa, a shanya a inuwa. Ka nisanta su da gam da danshin damina da gara.

Sannan wasiƙar da ke ciki ba taka ba ce. In gwaggonka ta buɗe maka akwatinta, ka gaishe ta da ladabi, ka nemi izini, ka zare takardar ka miƙa mata ba tare da ka karanta ba, domin sirrin mutane ne, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya. In ta ce ba za ta bayar ba, ka yi godiya ka tashi, kada ka matsa mata.