Yadda Ake Nemo Fayil ɗin Log na Telegram a Kwamfuta Kafin a Kai Ƙorafi

Wanda ya saba da Telegram a waya, ranar da ya sa shi a kwamfuta zai iya cin karo da matsalar da bai taɓa gani ba. Manhajar ta rufe kanta ana tsakiyar tura bidiyo, ko ta maƙale tana ta juyawa alhali akwai data. Galibi abin da mutum zai rubuta wa masu manhajar shi ne "ba ya aiki, ku gyara". Irin wannan saƙo ba ya kai kowa ko'ina, domin mai gyara ba ya ganin allon mai ƙorafi. Abin da yake buƙata shi ne fayil ɗin log.

Log wani ɗan rubutu ne da manhaja ke yi wa kanta tana cikin aiki. Kowane layi yana ɗauke da lokaci da abin da ya faru: an buɗe kaza, an nemi haɗuwa da sabar, an kasa. Kamar littafin da mai gadi ke rubuta shige da fice ne a bakin ƙofa.

A Windows, hanya mafi sauri ita ce a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta %appdata% sannan a danna Enter. Foldar da za ta buɗe tana ɗauke da wata mai suna Telegram Desktop, a cikinta ake samun log.txt. A Linux kuma ana dubawa a ~/.local/share/TelegramDesktop. Wanda ya sauke manhajar daga Microsoft Store ba zai ga nasa a wurin farko ba, an ajiye shi can cikin wata folda mai nisa. Maimakon wahalar nema, sai ya buɗe Settings a cikin Telegram ya rubuta viewlogs da kibod. Babu akwatin rubutu da zai bayyana, haka nan ake buga haruffan, foldar za ta buɗe da kanta.

Akwai wani kuskure da ake yawan yi a nan. Duk lokacin da aka sake buɗe Telegram, sabon log.txt yana maye gurbin tsohon. Saboda haka idan manhajar ta rufe kanta, kada a yi gaggawar sake kunna ta. A fara kwafe fayil ɗin zuwa wani wuri, a sa masa suna mai ranar da abin ya faru, sannan a buɗe.

Wani lokaci log na yau da kullum ba ya isa, musamman a matsalar haɗuwa da intanet. A nan ne ake ƙara masa zurfi. A cikin Settings a rubuta debugmode, manhajar za ta tambaya ko a kunna, a amsa da eh. Daga nan za ta fara zuba cikakken bayani a wata folda mai suna DebugLogs. Sai a maimaita abin da ke jawo matsalar, a duba agogo a rubuta lokacin daidai. Sunayen fayilolin suna ɗauke da awa da minti, don haka sanin lokacin yana rage wa kowa aiki. Da an gama a sake rubuta debugmode a kashe shi, domin rufe manhajar kaɗai ba ya kashe shi, kuma fayilolin suna cin wuri sosai.

Kafin a tura komai, a buɗe shi da Notepad a karanta. A log.txt za a ga sunan da mutum ke amfani da shi a Windows cikin adireshin foldoji, ana iya goge shi a sa xxx. Na DebugLogs sun fi haɗari, tunda suna rubuta abin da ke gudana tsakanin kwamfutar da sabar, bayanan asusu da na saƙonni na iya shiga ciki. Waɗannan ba na liƙawa a bainar jama'a ba ne, sai masu manhajar sun nema ta hanyarsu.

Abin da ba a turawa ko da wasa shi ne foldar tdata, wadda ke zaune kusa da log.txt. A cikinta makullin shiga asusun yake. Wanda ya samu kwafinta zai iya buɗe Telegram ɗin mutum a tasa kwamfutar ba tare da an turo lambar sirri ta waya ba. Masu damfara sun san haka, shi ya sa suke cewa "haɗa foldar gaba ɗaya ka turo a duba maka". Wanda ya riga ya tura, ya ɗauki wayarsa nan take ya shiga Settings, sannan Devices, ya kori zaman kwamfutar daga asusun.

Ƙorafin kansa ana kai shi shafin bugs.telegram.org ko ma'ajiyar tdesktop da ke GitHub, bayan an duba ko wani bai riga ya kai irinsa ba. A faɗi sigar manhajar, wadda ke rubuce a ƙasan babban menu, da irin Windows ɗin, ko 10 ko 11, da matakan da aka bi har matsalar ta bayyana. Turancin ba sai ya yi kyau ba, jimloli uku ko huɗu gajeru sun wadatar idan log ɗin yana maƙale a jiki.