Amsar Tambaya: Na Sauya Kalmomi, Me Ya Sa Aka Ce Na Yi Sata?

Wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a jami'a ta rubuto wa wannan fili cikin damuwa. Malamin da ke duba furojet ɗinta ya maido mata da babi na biyu, ya ce satar fasaha ce. Ita kuwa ta rantse ba ta kwafi kowa ba, kalmomi kawai ta sauya.

To, a nan gizo ke saƙar. Sauya kalmomi ba ya mayar da tunanin wani nata. Ko an canza wa akuyar maƙwabci igiya, mai ita zai gane abarsa. Abin da ya kamata shi ne ta ambaci sunan marubucin da shekarar aikinsa a wurin, kamar yadda tsarin kafa madogara na APA ya tanada. In kuwa kalmominsa ta ɗauko ɗungurungum, sai ta sa su cikin alamar zance, haɗe da lambar shafi.

Lamarin ya kayar da manya. A 2011 Jami'ar Bayreuth ta ƙwace digirin digirgir na ministan tsaron Jamus, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya kuma sauka daga muƙaminsa. A 2013 Annette Schavan ta bi sahu, kan kundin da ta rubuta tun 1980. Ita kuma, abin mamaki, ministar ilimi ce a lokacin.

Manhajar Turnitin, da ake binciken satar fasaha da ita, kamanceceniya kawai take nunawa, malami ke yanke hukunci. Sai ɗalibar ta koma babin, ta karanta kowane littafi, ta rufe shi, ta rubuta abin da ta fahimta, ta kuma sa madogararsa nan take tun ba ta manta ba.