Darasi a kan numfashi da aikin huhu

Ya ƴan'uwa, mu sani huhu ba ya jan iska da kansa. Wata faffaɗar tsoka ce ta raba ƙirji da ciki. In ta sauka sai ƙirji ya buɗe, iska ta shiga, tamkar zugazugin maƙeri. Baligi yakan yi haka sau 12 zuwa 20 a minti, bai ma sani ba.

Yara kuwa hanyoyin iskarsu ƙanana ne. Idan ɗan shekara 1 zuwa 5 yana tari, mu ƙirga numfashinsa yana kwance shiru. In ya kai 40 a minti, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja iska, ciwon huhu ake tsoro. Mu kai shi likita nan take, kada mu jira gari ya waye.