Kafin a Haƙa Fandesho, Mu Yi Magana

'Yan uwa ɗalibai, da yawanmu haya muke yi a unguwannin da ke kewaye da makaranta. Wata rana sai ka ga an zagaye fili da kwano, ana cewa gidan mai ko wurin sayar da gas za a yi, katanga ɗaya da ɗakinka. To, ko ɗan haya ne kai, kana da ta cewa.

A Kaduna, gini sai da izinin KASUPDA. A Kano kuma KNUPDA. Ga abin yi:

Na farko, ku je ofishin hukumar ku tambaya ko an ba da izini, kuma na wane irin gini. Izinin gidan zama daban, na kasuwanci daban.

Na biyu, ku rubuta ƙorafi, maƙwabta da mai unguwa su sa hannu. Ku kawo dalilai: haɗarin gobara, toshe magudanar ruwa, cin hanya. "Ba ma so" kawai ba hujja ba ce.

Na uku, a buga muku hatimi a kwafinku, ku adana.

Kar a tsaya jan ƙafa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In gini ya kai linta, sai dai haƙuri.